Wasiƙar da Ta Raka Kaka Makka

Jiya jikata ta tsinto wani tsohon kan sarki a ƙasan adakata, ta tambaye ni na mene ne. Na rasa ta inda zan fara mata, don labarin mahaifina ne.

Malamin firamare ne a Bungudu. Wasu na kiwon tantabara, shi kuwa wasiƙu yake tarawa, na matuƙan jirgin sama na farko-farko, waɗanda suka riga kowa ƙetare teku. Yakan rubuta musu ya roƙi amsa da sa hannunsu. Duk Asabar sai ya hau keke zuwa gidan waya a Gusau, ko da damina ce, ya dawo wando duk laka, yawanci hannu rabbana. Mahaifiyata ta yi magana har ta gaji. Ni ma da nake wankin wandon na gaji.

'Yan amsoshin da suka zo yana ajiye su cikin gwangwanin biskit, da ganyen dogon yaro saboda gara. Wadda ya fi ji da ita ta wata tsohuwar Baturiya ce da ta taɓa ƙetare teku ita kaɗai. Kana ganin rubutun ka san hannunta na rawa.

Ana nan sai kakarmu ta Tsafe, mahaifiyar Baba, ta samu kujerar Makka, ta ce ba inda za ta. Jirgi take tsoro. An yi lallashin duniya, ranar tashi na matsowa, kujera na neman wuce ta. Baba ya ɗauki gwangwaninsa muka tafi Tsafe, ya zauna gabanta ya fassara mata wasiƙar.

Ta ce, "Mace ta? Kuma ta sabko lahiya hat ta tsuhwa?"

Ya ce, "Ga hannunta nan, Inna."

Ta daɗe tana shafa takardar. "To ba ni ita. Tsari na Allah ne, ni abokiyar tahiya nika so."

Baba ya ninke wasiƙar ya miƙa mata. Ta ƙulle ta a bakin zane, ta tafi.

Bayan Arfa zazzaɓi ya kama ta, aka binne ta can. Abokan tafiyarta suka kawo mana butarta da tabarma. Babu wasiƙa, Baba kuma bai tambaya ba. Daga nan ya jingine keken, bai ƙara zuwa gidan waya ba. Na taɓa tambayarsa ko takardar ce ke damunsa, ya ce, "Ni na lallashe ta ta tahi."

Har ya rasu bai taɓa shiga jirgi ba. Yanzu kuwa shigarsa ta zama kamar ta motar haya, ba mai neman sa hannun direba. Ni ma da na tafi Makka, barci na yi har muka sauka. Na nemi kabarin Kaka, aka ce mini a can ba a sa alama.