Neman Jita Mai Tsirkiya Goma Sha Biyu a Sabon Gari

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar tasha, ni da ɗan ƙanin babana, wanda ya yarda ya raka ni Kano bisa sharaɗi biyu: ni zan biya masa kuɗin mota, kuma ba zan yi masa zancen jita a hanya ba. Na cika na farko. Na biyun, ina jin ko Azare ba mu bari ba na karya shi.

Ga waɗanda ba su ga rubutuna na makon jiya ba, ga abin da ya tayar da ni. Wani abokina da muka yi bautar ƙasa tare ya turo min hoton wata tsohuwar jita ta katako, mai tsirkiya goma sha biyu. Ta wani maƙwabcin iyayensa ce a Sabon Gari. Mutumin ya rasu bara, matarsa kuma za ta koma garinsu a kudu, tana sayar da kayan gidan. Kuɗin da ta faɗa ya kusa cinye duk abin da na tara a shekarar bautar ƙasa. Ni kuwa shekara uku ina koyo da jitar aro mai tsirkiya shida, irin wannan sau ɗaya na taɓa riƙewa, na minti biyar. In aka kaɗa ta sai ka ji kamar masu garaya biyu ne suka zauna kafaɗa da kafaɗa, kuma tun ranar sautin bai bar kunnena ba. Sai dai na karanta cewa in sun tsufa, ƙarfin tsirkiyoyin yakan lanƙwasa wuyansu, ko ya ɓamɓare ɗan katakon da ke riƙe su a kan cikin jitar, wanda masu garaya ke kira jaki. Ke nan ko in dawo da jita, ko in dawo da itacen girki mafi tsada a unguwarmu. Abokina ya ƙara da cewa mai sayen tsofaffin kaya zai zo ƙarfe biyar na yammacin Asabar, wato ranar da muka yi tafiyar nan, ya kwashe duk abin da ya rage.

Mu huɗu aka cusa a bayan ƙaramar mota, kuɗin kuma ya ƙaru da dubu ɗaya a kan yadda na sani, direba ya ce in tambayi gidan mai. Damina ta yi kyau. Kogin Jama'are ya cika har ya taɓa gonakin gefe, gero ya fi mutum tsawo daga nan har Kiyawa. Ban more kallon yadda ya kamata ba, don ina ta duba littafin da na rubuta tambayoyi goma sha tara a ciki, ina laluba aljihu in tabbatar katin banki yana nan. A Wudil masu soyayyen kifi suka zagaye motar. Ɗan uwana ya sayi biyu, ya cinye nasa, ya dubi nawa ya ga ban taɓa ba, ya taimaka min da shi.

Wajen goma saura muka isa gidan gwaggona a Rijiyar Lemo. Mijinta mutumin Borno ne, sun fi shekara talatin a Kano, amma tun daga zaure turaren wuta zai gaya maka asalin gidan. Ta kawo mana burabusko da miyar kuɓewa, ta zauna tana kallona ina juya cokali. Da na gaya mata abin da ya kawo ni, sai ta ce, "Tsirkiya goma sha biyu? Kai yatsu nawa gare ka?" Na fara bayanin cewa biyu-biyu suke, yatsa ɗaya ke danne biyu. Ta ɗaga hannu ta ce in ci abinci, digirin ya isa haka.

Adaidaita sahu ya sauke mu a Titin Ibrahim Taiwo, inda aka ce akwai masu sayar da lasifika da kayan kiɗa. Shago uku muka shiga. Na farko ya ce tsohuwar jita ciwon kai ce, in sayi sabuwa a wurinsa. Na biyu ya ce tsohuwa ta fi, katakon da ba irin na yanzu ba ne, kuma yana da wata tsohuwa a ciki. Na ukun ne ya dubi hoton ya ce gaskiya bai sani ba, amma akwai wani dattijo mai gyara a Sabon Gari, ya kwatanta mana layin. Wataƙila ban yi wa na farko da na biyu adalci ba, kowa kasuwarsa yake nema. Amma wanda ya ce bai sani ba shi ya fi yi min amfani.

Muka ce mu taka da ƙafa, don ta Kasuwar Singa ba abin da ke motsi. An yi ruwa da safe, ruwan ya kwanta a titi, manyan motoci na sauke sukari da taliya, 'yan dako na ratsawa da buhu a ka suna ihun a ba su hanya. Na naɗe ƙafar wando, na riƙe littafina sama kamar takardar gida. Sai da muka ɓata kusan awa kafin mu shiga Sabon Gari, inda ƙamshin gasasshiyar doya da manja ya karɓe mu, kowane shago kuma da irin kiɗansa.

Dattijon mai gyaran ɗan ƙabilar Ibo ne, haifaffen Kano, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Abin da ban lissafa ba shi ne ranar Asabar ce, gobe Lahadi, duk cocin da kayan kiɗansa suka lalace yana jiran dattijon nan. Ganguna da lasifikoki har bakin ƙofa. Na roƙe shi ya raka mu, na ce zan biya. Ya ce ko gwamna ne sai Litinin. Na nuna masa hoton, ya ce hoto ba ya nuna ciwo. Da na buɗe littafina, ya leƙa, ya yi dariya har ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Malam, jita za ka saya ko aure za ka nema? Abu uku ne." Ya miƙo min doguwar rula ta ƙarfe. Ya ce in kwantar da ita a kan wuyan jitar, in ga ko bakinta ya nufi saman jaki. Na biyu, in gwada cusa takarda a ƙarƙashin jakin, in ta shige da yawa, ya fara tashi. Na uku, in ɗaure tsirkiyoyin duka har inda manhajar wayata ta ce daidai ne, in zauna rabin awa in gani.

Na ce, "Baba, in ta ɓalle a hannuna fa?"

Ya ce, "To ka sayi ɓallalliya ke nan. Ka dawo min da rulata."

Wannan maganar ce ta hana ni sakat har muka yi azahar a wani masallaci na bakin hanya. Gwajin da zai nuna min lafiyar jitar, shi ne kuma zai iya kashe ta, a falon matar mai ita. Na ce wa ɗan uwana ko mu haƙura. Ya ce bai ci kifi biyu ya taka ruwan Singa don ya koma haka ba.

Uku ta wuce muka sami gidan. Ɗaki ne da falo a cikin babban gidan haya, kaya duk an ɗaure a jakunkuna, bango duk alamar inda aka cire hotuna. Matar dattijuwa ce, tun tana amarya ta zo Kano. Muka gaishe ta, muka yi mata ta'aziyya, ta kawo mana lemo da gyaɗa, sannan ta jawo jitar daga bayan kujera. Katakon ya yi ja kamar zuma, inda hannu ke gogawa ya koɗe, tsirkiyoyin duk an sassauta su. Ta ce tun rasuwar mijinta ɗansu ya sassauta, ba wanda ya sake taɓawa.

A nan kunya ta kama ni. A gidanmu ba a shiga gidan da aka yi rashi a kama laluben aibin kayan mamaci. Rula tana cikin hannun rigata, na kasa fito da ita. Na sha lemo, na yaba katakon, na sake shan lemo. Ɗan uwana ya taka min ƙafa. Daga ƙarshe na ce, "Mama, don Allah ki yi haƙuri, an ce in auna wani abu, ba wai ina zargin..." Ta katse ni, ta ce, "Ɗana, auna. Shi ma da ya saye ta sai da ya wahalar da mai ita kwana biyu." Ta koma gefe tana naɗe farantai a tsohuwar jarida.

Rula ta nufi saman jaki, ko da ta sauka, kaɗan ne, a iya ganina. Takarda ta shige a kusurwa ɗaya, kamar tsawon ƙwayar shinkafa. Ban san ko wannan da yawa ne ko kaɗan ba, dattijon bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba, duk da tambayoyina goma sha tara. Saura na uku. Na gaya mata gaskiya cewa zai iya ɓallewa, kuma in ya ɓalle na saya. Ta ce to.

Na ɗora wayar a gwiwa, na fara murɗa kunnen babbar tsirkiya a hankali. Katakon ya yi wani ɗan ƙas. Na ci gaba, allurar manhajar tana hawa, saura kaɗan ta kai. Sai na ji daga bayana, "Tsaya. Ka wuce."

Na ce, "Mama, waya ta ce da saura."

Ta ce, "Wayar ce ta zauna da shi shekara talatin da ɗaya?"

Ta ajiye faranti, ta fara rera wata waƙar coci da harshensu, da murya mai kauri, ƙasa-ƙasa. Ta yi min alama da hannu in sassauta. Na sassauta, na sassauta, har tsirkiyar ta zauna a kan muryarta, ta gyaɗa kai. Ta ce ita ba ta san sunan komai a jikin abin ba. Abin da ta sani, muryarta ba ta hawa sama, don haka kullum da yamma shi yake saukar da jitar ta same ta. Na dubi waya: mataki biyu cif ƙasa da inda ake cewa daidai. A lokacin na fahimci, ko in ce ina jin na fahimci, dalilin da wuyan bai lanƙwashe ba duk shekarun nan. Jitar ba ta taɓa ɗaukar nauyin da nake shirin ɗora mata ba.

Na bi sauran goma sha ɗayan a kan wannan ma'auni. Huɗu da minti goma na gama, muka zauna jiran rabin awa. Ban taɓa ganin rabin awa mai tsawon wannan ba. Duk babur ɗin da ya tsaya a waje sai in ce mai sayen kaya ne. Da lokaci ya cika na sake cusa takardar, ta tsaya inda ta tsaya ɗazu. Na kaɗa wani ɗan kiɗan garaya da na iya. Ɗakin da ba labule ba kafet ya cika har ya yi amo. Ɗan uwana, wanda ya hana ni zancen jita, ya bar gyaɗa a hannu. Mama ba ta juyo ba, amma faranti ɗaya ta yi ta naɗewa har na gama.

Ban yi ciniki ba. Na san za ku ce na yi wauta, ɗan uwana ma ya faɗa da ƙafarsa a kan tawa, mai yiwuwa kuma kuna da gaskiya. Na tura mata kuɗin yadda ta faɗa. Da za mu fita ta ce, "Kar ka ɗaga mata murya." Na ce in sha Allahu. A bakin ƙofar gidan muka yi kiciɓis da mai sayen kaya da kurarsa.

Na mayar wa dattijo rularsa, na ba shi labari. Ya karɓi jitar, ya kanne ido ɗaya ya bi wuyan da kallo, ya danna jakin da babban yatsa. Ya ce mamacin ya san abin da yake yi, shi ma da ba Asabar ba ce da ya tuna ya gaya min haka. Kusurwar nan tana son gam, in kawo ta bayan damina, kafin nan kar in ƙara mata ko kaɗan. Na tambaye shi ko na yi asara. Ya ce in tambaye shi bayan shekara goma.

Mun kwana a gidan gwaggo, wadda ta ƙirga tsirkiyoyin da kanta ta tabbatar ba a cuce ni ko ɗaya ba. Washegari na biya wa jitar kujera guda a mota, wata mata kuma ta yi ta mita har Wudil cewa katako ya fi ta samun wuri. Kafin azahar muna Azare lafiya, alhamdu lillahi.

Abin da tafiyar ta koya min, in har na fahimce shi daidai: na tambayi masu shago, na tambayi mai gyara, na tambayi waya, amma wadda ta fi kowa sanin jitar ita ce na ji kunyar tambaya, kuma da ba ta yi magana da kanta ba, da wataƙila yanzu wani labarin nake ba ku. Har yau ban daina cusa takarda a ƙarƙashin jakin nan kowace safiya ba. Akwai kuma matsalar da ban hango ba: muryata siririya ce, duk waƙoƙin da na iya sun yi wa jitar sama. Jiya na kai hannu kan kunnen tsirkiya, na tsaya, na janye. Na fara koyon rera su ƙasa-ƙasa. Ƙannena sun ce kamar mai mura, amma a haka za mu ci gaba.