Buba Mai Tiyo da Ramuka Shida

Faɗan farko da Buba mai gyaran pampo ya yi a layinsu na bayan kasuwar Katako a Yamai, kaye ya sha, kuma a hannun tsohuwa. Shekara uku ke nan da tafiyar Faransawa, an ja wa gidaje bakwai tiyon ruwa guda, gidan Buba ne na ƙarshe. Wata safiya ya leƙa gidan Tabawa mai waina, na farko a layin, ya tarar ta sa an haƙa rami an saukar da bakin pamponta ciki.

Ya ce, "Haba Inna, wannan ai ƙwace ne. Ruwa gangare yake bi, duk nan zai tsaya."

Tabawa ko juyowa ba ta yi ba daga tandarta. Ta ce, "Ni na kira shi? Rami ya gani ya shiga. Kai ɗan Tawa, can garinku gaba nawa kuke haƙawa kafin ku ga laima? Ka zo Yamai ka sha ka ƙoshi, yau kai ne mai hana ni kamu biyu? Ungo waina, ka tafi aikinka."

Ya karɓi wainar kuwa. Abin da ya ƙarasa shi ke nan, don duk layin sai da aka ji.

Buba dogo ne siriri, kamar shi ma tiyon ne aka miƙe tsaye. Magana ba ta dame shi ba. Yakan kara kunne jikin ƙarfe ya gaya maka inda yake yoyo, amma ka tambaye shi abin da matarsa Hadizatu ta ce masa da safe, sai ya sosa ƙeya.

Kafin wata biyu, gida na biyu ya haƙa nasa, ya ɗara na Tabawa. Na uku ya ɗara na biyu. Malam Harouna, ma'aikacin gwamnati da ke gida na biyar, har matakala ya sa aka yi wa nasa. Kowa kuma ya bar pamponsa a buɗe wuni guda, kada ruwa ya zo ya wuce shi. Da can kafin hantsi randunan gida bakwai sun cika. Yanzu fa? Ɗis, ɗis, har azahar, mata na durƙushe cikin taɓo da ƙwarya, sauro na biki. Ba wanda ya ƙaru da ko moɗa ɗaya, amma ba mai yarda ya fara cike nasa. Gidan Buba kuwa iska kawai pampon ke hurawa.

Shi da ya fi kowa sanin yadda ake saukar da tiyo, ya ƙi haƙawa. Ya ce in ya yi, wanda za a ja wa ruwa bayansa ya shiga uku. Hadizatu ta yi mita har ta gaji. Da cikinta ya tsufa, sai ya samo sanda da garwa biyu, yana ɗebo mata daga babban pampon bakin kasuwa kafin ya tafi aiki. Samari na yi masa kirari, "Ga ruwa! Mai gyaran pampo, ga ruwa!" Shi dai ya wuce, kafaɗa duk kanta.

Sai ta haihu, 'ya mace. Maijego kuwa ruwan zafi take so safe da yamma har kwana arba'in, ba garwa biyu ba, ba huɗu ba. Tabawa, da yake mahaifiyar Hadizatu tana nesa, ita ta zo yi mata wanka. Ta leƙa randa, ta ga gindinta. Ta dubi Hadizatu da ke kwance tana rawar sanyi, ta dubi Buba da ya shigo da zubi na biyar. Ta fita, ta sa aka cike raminta, sannan ta bi gida gida da zagi har ta tara masu gidajen a ƙofar Buba bayan la'asar.

Kowa ya yarda a cike, a maido pampo tsayi ɗaya, in randa ta cika a rufe. Kowa ban da Malam Harouna. Ya gyara tabarau ya ce shi ya yi lakwal, ɗan boko ne, ya san halin mutane. "In na cike nawa, wani ya sake haƙawa a ɓoye fa? Ni ne zan zama wawan layi?"

Aka yi ta ja, har liman ya sa baki bai yi amfani ba. Amma washegari da hantsi pampon gidan ƙarshe ya yi tari, ya tofar da jar ƙasa, ya zubo, Hadizatu na jin ƙararsa daga ɗaki tana dariya da hawaye. Ta yi arba'in ɗinta cur da ruwan gidanta. Abin da ya sa Malam Harouna ya tuɓe riga ya ɗauki shebur da kansa kuwa, magana ce guda da Buba ya yi, kansa a sunkuye yana murza kafaɗa.

Ya ce, "Malam, shekara guda ke nan ni kaɗai nake riƙe da wautar layin nan, ga ni ban mutu ba. Ka karɓe ni na kwana arba'in kawai. In maijego ta gama wanka, ka maido mini abina."