Takwaran Isuhu Mahauci

Ɗana Sani ya so ya musanya ubansa da rago ɗaya, kuma har yau ban gama yafe masa ba.

Matarsa Balki ta haihu a Madawa, inda yake aikin mushe a lakol, wato malamin makarantar boko. Na taso daga Tama da yajin jego da kaji biyu, na iske jariri namiji, lafiya lau. Ana gobe zanen suna, bayan magariba, Sani ya ja ni gefe ya ce Isuhu za a raɗa wa yaron. Raina ya yi sanyi, don sunan mahaifin Sani ke nan, Allah ya jiƙan rai. Sai ya kawar da ido ya ƙara magana.

"Amma, Inna, maroƙi za shi ce takwaran Alhaji Isuhu ne, kawun Balki, mai kamyon albasa, babbar motar nan. Shi ya ba da rago."

"To ubanka fa?"

"Ai sunan ɗaya ne. Ke ki riƙe naki a zuci. Mutanen ga ba su san Baba fawa ya yi ba. Na ce musu ɗan kasuwa ne."

Na ce, "Ɗan kasuwa ne mana. Kasuwar Tama, rumfar da ta fi kowace ƙuda. Da wuƙar fawar nan aka saya maka kaye da bik na rubutu har ka zama mushe."

Ya koma wajen baƙinsa. Ni kuwa na zauna bakin murhu inda mata ke gyaran kayan abincin gobe. Wata ta tura karan gero cikin wuta, warin ya buge ni, sai ga Kaka Dije a gabana kamar jiya muka rabu.

Gidanmu na ƙuruciya a gindin dutse yake, kuma in ɗari ya shigo bayan kaka, sanyin da ke gangarowa daga kan dutsen nan ba ya jin magana. Da an ci tuwo, Kaka Dije, uwar mahaifina, sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta ajiye ƙwaryar wake a tsakiya. Wanda ke son tatsuniya sai ya ɓare wake. "Bakina ba ya motsi sai hannuwanku na motsi," in ji ta. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, haƙori biyu, murya kamar ta ƙaton namiji. Ba ta lallashin yaro. Wanda ya yi gyangyaɗi, ɓawon wake ne zai tashe shi a goshi. In ta shirya sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tahe, ku ba ta wuri." Mu kuma mu amsa, "Ta zamna mu ji ta."

Ta Ibro huɗu ita ce ta fi maimaitawa.

Wani gari, in ji ta, akwai mutum uku kowa sunansa Ibro: mai haƙar rijiya, da maƙeri, da mai tufka igiya. Sai aka haifa wa sarki ɗa, shi ma aka sa masa Ibro. Yaro ya tasa. Wata rana uwarsa ta leƙa ƙofa ta ƙwala masa kira, sai mai haƙar rijiya da ke wucewa, jiki duk laka, ya amsa, "Na'am!" Matar sarki ta yi kuka ta ƙi cin abinci. Washegari aka yi shela: daga yau Ibro ɗaya ne a garin nan. Mai rijiya ya koma Taɓo, maƙeri ya koma Gawayi, mai igiya ya koma Kaba.

"Kuma suka amsa," in ji Kaka, tana kallonmu ɗaya ɗaya. "Shekara da shekaru suna amsawa, har ɗiyansu na cikinsu suka mance."

Ɗan sarki ya girma, aka naɗa masa rawani. Ya je tsohuwar rijiyar bayan gari ya leƙa don ya ga yadda rawanin ya zauna masa, sai ƙafa ta zame. Dogarai suka ruga gidan mai rijiya. "Taɓo, taso, Ibro ya faɗa rijiya!" Mutumin na zaune yana shan fura, bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Uwata ba ta haifi Taɓo ba. Ku nemo wanda ta haifa." Suka je wa maƙeri neman ƙugiya, ya ce bai san Gawayi ba. Mai igiya ma haka. Dole sarki ya fito da kansa, babu doki babu takalmi, ya bi gida uku, a kowace ƙofa ya buɗe bakinsa ya ce, "Ibro, taimake ni." Wannan ya kawo igiya, wancan ƙugiya, na uku ya sauka ya ɗauro yaron. An fito da shi da rai, amma da ɗingishi ya ƙare kwanansa.

"Nan ta tsaya," in ji Kaka. "Wanda ya ce ƙarya ni kai, shi tahi shi leƙa rijiyar."

Ƙanena mai tausayi ne. Ya taɓa tambaya, "Kaka, da yaron ya mutu fa?"

"Da an bizne Ibro guda, uku sun rage. Ɓare wakenka."

Ni ba yaron ne ya dame ni ba. Na ce mata, "To su mi ya sa ba su ƙi ba tun ranar shela?" Ta daɗe tana kallona ta cikin hayaƙi, sannan ta yi dariyar nan tata da ke nuna haƙoran biyu. "Wagga ɗiya za ta wahal da miji," in ji ta. Ba ta ba ni amsa ba, har ta koma ga Allah.

Shekaru da yawa na ɗauka tatsuniyar sarki ce, a nuna wa mai girman kai iyakarsa. Haka kowa ke jin ta, kuma da daɗi. Sai da na zauna bakin murhun nan na Madawa na ga ashe ba sarki Kaka ke yi wa faɗa ba. Laifinsa ɗaya ne: ya yi shela. Su kuwa ukun nan kullum safiya sai sun sake yin nasu laifin, duk sa'ad da aka ce Taɓo suka waiga. Kuma sa'a suka yi da akwai rijiya. Mutum nawa aka raba da sunansa, ɗan sarki bai faɗa ko'ina ba, mutumin ya mutu yana amsa wanda ba nasa ba?

Ban da ƙorafi a kan Alhaji. Mutumin kirki ne, ya gaishe ni da ladabi, guminsa yake ci. A Tama ma muna da Isuhu tela, da Isuhu mai kabu-kabu, da Malam Isuhu mai makarantar allo, ba wanda ya taɓa cewa wani ya rage masa suna. Amma takwara ba sauti ba ne kawai. Yaro zai girma ya tambaya sunan wa ya ci, a nuna masa mutum, ya riƙa auna kansa da shi. Nawa jikan za a nuna masa kamyo. Ba wanda zai gaya masa akwai wani Isuhu da bai taɓa yanka dabba marar lafiya ba ko da zai kwana da yunwa, wanda duk ranar kasuwa sai ya keɓe wa tsofaffin unguwa 'yar hanta a ganye.

Matsalar ɗaya ce. Ni ban taɓa faɗin sunan nan da bakina ba. Mace ba ta kiran sunan mijinta, haka muka tashi, kuma na riƙe abina da alfahari. Shi maigida ne, ko uban su Sani. Tela ma in na kai masa ɗinki, mai sunan maigida nake ce masa. Ko da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina, malama ta tambayi sunan mijina, maƙwabciyata ce ta amsa mini. Hannuna ya koyi rubuta shi, harshena bai taɓa ɗaukarsa ba. Sani ya san haka sarai. A kan kunyata ya dogara.

Da gari ya waye maza suka cika ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, ana raba goro da dabino. Rago na ɗaure a gindin bishiyar bedi. Alhaji na zaune kusa da liman, maroƙi na tsaye yana gyara murya. Na yafa mayafina na ratsa zaure. Wata gwaggon Balki ta riƙo hannuna, "Hajiya, ina za ki? Maza ne a waje." Na ce na gan su.

Na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama. Sani ya miƙe tsaye, fuskarsa ta sauya.

"Inna, don Allah."

"Zamna, mushe."

Na dubi liman na ce, "Allah gafarta Malam, kafin a shafa fatiha, a san sunan wa yaron ga ya ci. Alhaji, mun gode da rago, Allah shi ƙara arziki. Amma jikana takwaran kakansa ne, mijina, mahauci na kasuwar Tama." Na ɗaga murya yadda na can ƙarshen tabarma zai ji.

"Sunansa Isuhu."