Ranar Da Aka Soke Fanshon Saje

Yayan mijina ya dawo daga yaƙin Turawa da ƙaton takalmi da lambobi a ƙirji, da kuma wani abu da ba mu taɓa ji ba a Birnin Gwari, wai shi fansho. Mutum yana kishingiɗe a inuwa, gwamnati na biyansa ladan wahalar da ya sha a baya. Mu da muke shan tamu kullum ba mai ba mu ko sannu, sai muka zuba masa ido. Saje ake ce masa, kuma ba ya amsa wani sunan.

Fanshon bai ishe shi ba. Da aka shata gandun daji, aka hana sara da kiwo a ciki, sai wani Bature ya ɗauke shi gadi, tunda ya iya tsawa. Daga ranar daji ya zama gonar gadonsa. Ni kaina ya taɓa tare ni a hanyar Kuyello, ga ƙwaryar kaɗanya a kai, ga goyo a baya.

Na ce, "Yaya, a ƙasa fa na tsince ta."

Ya ce, "Nan babu Yaya, sai hukuma. Sauke."

Na sauke. A gidansa aka yi man kaɗanyar, har matarsa ta aiko mini da ɗan curi a ganye, wai in shafa wa jariri.

Fulani su suka fi jin jiki. Saniya ko warin gandun ba ta ji ba, in Saje ya ce ta shiga, to ta shiga. Wata damina ya kama bijimin wani dattijo makiyayi a wajen Kutemeshi. Dattijon ya riƙe igiya ya ƙi saki, Saje ya sa kulki ya karya masa hannu. Aka yanka bijimin, cinya guda ta wuce gidan shugabansa, babban malamin daji, da rana tsaka, kowa na gani.

Matar dattijon ita ke kawo mana nono. Ba ta yi wa kowa kuka ba. Ta jira har Bature ya zo rangadi, ta ja mijinta zuwa bariki, ta kwance tsumman da ke hannunsa a gaban kowa. Dole magana ta je gaban alƙali.

Ranar shari'a na tsaya cikin mata a bakin taga. Saje ya zo cikin kaki ya sha guga, lambobi na ƙyalli, ya ƙame ya sara wa alƙali. Ana tambayarsa bijimi, yana ba da labarin yadda ya ƙetare teku. Aka kira shugabansa shaida. Mutumin nan da ya ci cinya ya gyara rawani, ya ce shi ma ya daɗe yana zargin halin Saje.

Aka yanke masa ɗauri a kurkukun Zariya, ko gezau bai yi ba. Da aka ce kuma hukuma ta soke fanshonsa, sai jarumin ya zube ƙasa dirshan.

"Allah ya gafarta Malam, a ƙara mini ɗaurin, a bar mini fanshon. Da jinina na same shi."

Alƙali ya nuna dattijon ya ce, "Wanda ya zuba daga hannun wannan bawan Allah fa, ruwa ne?"

Mutane suka watse suna yabon adalci. Ni ban yaba ba. Bijimi bai dawo ba, hannun dattijo ya warke a karkace, har ya mutu ba ya iya tatsa. Babban malamin daji ya ƙarasa aikinsa lafiya, ya karɓi nasa fanshon, ya yi wa gidansa rufin kwano, ya koma sahun gaba a masallaci. Baturen da ya damƙa wa Saje kulki tun farko, aka ce girma aka ƙara masa.

Saje ya fito a rame, matarsa ta daɗe da komawa gidansu. Mijina ya ba shi ɗaki a gidanmu, ciyar da shi ya faɗo kaina. Ban taɓa jin ya ambaci dattijon ba. Duk ƙarshen wata sai ya yi wanka, ya je ƙofar baitulmali ya tsuguna yana kallon tsofaffin sojoji na karɓar nasu, ya dawo yana faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa ba a taɓa zaluntar wani kamarsa ba. In na ajiye masa tuwo ya cinye tas, ya suɗe kwano, sannan ya ce a barikin soja ba haka ake tuƙi ba.