Habsatou mai kitson mawaƙiya

Habsatou 'yar Zinder ce, daga unguwar Birni. Shekararta goma sha huɗu tana kitso a wani ɗan shago kusa da titin Fordham Road a Bronx ta Amurka, ita da abokiyar aikinta Tahiratu, 'yar Zangon Kumasi. Mijinta Mashud direban tasi ne. Ba ta da yawan magana, amma in ta tsaga kai sai ka rantse da zare ta auna.

Wata Talata da hantsi wata baƙar Ba'amurkiya ta shigo da hula a ka. Ta ce mai yi mata kitso ta haihu, ga shi jibi tana da taro. Habsatou ta zaunar da ita, ta yarfa mata shuku ƙanana irin na matan Damagaram. Matar tana ta rera waƙa ƙasa-ƙasa har aka gama. Tana fita Tahiratu ta dafe ƙirji.

"Yaya Habsatou, kin san kan wa kika riƙe awa biyar? Renita Oakes ce fa, mawaƙiyar R&B!"

"Ko ma wace ce, tana da amosani," in ji Habsatou, ta ci gaba da wanke mataji.

Ashe taron wasa ne a wani babban zaure a Harlem, kyamara takwas na ɗauka. Da bidiyon ya fito, mutane suka yi ta tambayar wanda ya yi kitson. Tun daga nan Renita ba ta yarda kowa ya taɓa mata kai sai Habsatou. Duk wasan da za a ɗauka, tana bayan labule da kibiya da man kaɗanya, tana jiran mawaƙiyar ta fito canza kaya ta kwantar mata da gashin goshi.

Bayan shekara biyu Renita ta samu fitowa a fim, a matsayin direbar bas mai 'ya'ya uku. Labarin na kwana biyu ne kacal, amma ɗaukarsa ta ci mako bakwai, don haka dole kitson ya zauna yadda yake. Duk kwana goma Habsatou ta tsefe ta sake. Akwai wata ma'aikaciya da ke zuwa da hotuna tana ƙirga layukan, arba'in da biyu, ba ta taɓa samun kuskure ba.

A cikin fim ɗin akwai wurin da direbar ke zuwa shagon kitso. 'Yar wasan da aka ɗauko a matsayin mai kitso ta kama gashin kamar mai tufkar igiya. Darakta ya duba ya sake dubawa, ya ce Habsatou ta shiga. Ta koma gefe ta kira mijinta.

"Malam, wai in fito a fim."

"Rawa za ki yi?"

"A'a, kitso."

"To ai sana'arki ce. Allah ya taimaka."

Ta gyara ɗankwali ta tsaya. Ana cikin ɗauka Renita ta juya kai, layi ya karkace. Habsatou ta manta da kyamara sam, ta ɗan ƙwanƙwashe ta da kibiya, ta ce da Hausa, "Ke, zauna da kyau mana!" Renita ta fashe da dariya ta gaske, masu haska fitila ma suka kama. Darakta ya ce ba za a yanke ba.

Ranar Asabar da fim ya fito, matan unguwarsu ta Tremont ashirin da wani abu suka yi anko suka cika layi biyu a silima bayan azahar. Da muryar Habsatou ta fito, Tahiratu ta rangaɗa guɗa, har mai gadi ya leƙo. Habsatou kuwa ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya.

Renita ta so ta tafi da ita Los Angeles, Habsatou ta ce a'a, 'yarta na shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya, sai ta ga ranar da aka ba ta takarda. Yanzu in fim ya taso, mawaƙiyar ce ke hawo jirgi ta zo Bronx, ta zauna a benci ta jira layinta.