Baitin Babanmu a Motar Haya

Na daɗe ina jigilar fasinja tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, har bayana ya san kowane rami. Ƙanena kuwa waƙa ya sa gaba. Wata safiya ya same ni a tasha da memori a hannu, wai mai situdiyonsu na unguwar Nasarawa ya ce ba a sakin waƙa sai an gwada ta a motar haya.

"Yaya, kai dai kunna, ka riƙa duba madubi. Inda suka fara hira, riƙe wurin."

"Ni direba ne ko alƙali?"

"Satin ga duka biyu."

Abin ya ɗaure mini kai. Ni na ɗauka daɗin waƙa ke kai ta gari, ashe har awo ake yi mata.

Kwana uku ina kunnawa ina leƙe. Da amshi ya zo, mata masu albasa sai kaɗa kai. Wani ɗan kudu mai sayar da kayan babur har bi yake yana buga gwiwa. Amma da an shiga baiti na uku, inda yake yabon marigayi babanmu da yadda yake jefa birgin kamun kifi a gulbi, sai mota ta koma kasuwa. Wannan na tambayar taki, waccan na amsa waya. Kowace tafiya, daidai nan.

Don baitin nan ya yi waƙar. A gabana ya tsara shi bayan sadakar arba'in.

"Mi ka gani?" ya ce da na dawo.

"A wurin Baba suke barin ka."

"Ko ba ka ƙara sauti ba?"

"Na ƙara har sifika na kuka. Ba su san shi ba, ƙanena. Mu muka san shi."

Ya yi kwana biyu bai leƙo tasha ba. A na uku ya bari aka cire baitin, aka ninka amshin, aka raba wa masu tura waƙa a waya. Kafin girbin shinkafa, ba bikin da ba a sa ta.

Innarmu ta ji labari, ta ce a kunna mata a waya. Ta saurara har ƙarshe, faifai a cinya.

"To ina wurin babanku?"

Ƙanena ya dube ni. Ni na faɗa mata yadda aka yi, ban rage komai ba.

Ta miƙo wayar.

"Kiɗan da daɗi," ta ce, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.