Maƙogwaron Aro

Tun ina yaro magana ke yi mini nauyi. Mahaifiyata kan ce da tsiya ake ciro kalma daga bakina. Duk da haka, shekarar da ruwa ya so cinye gonakin shinkafa a wajen Guri, En'e, wato hukumar gargajiya, ta ɗora ni helman leburori, muna ɗaga jinga don tare kogi.

A lokacin, da tsawa ake auna helma. Baturen ayyuka in ya zo daga Haɗeja ya ji ana zagin leburori, ya san aiki na tafiya. Ni kuwa sai in nuna wuri, in ɗauki kwando tare da su. Jingarmu ba ta fi ta kowa ba, ba ta kuma kasa ba, amma Baturen ya aiko cewa in ya dawo ya tarar da ɓangarena shiru kamar gidan makoki, zai sauke ni. Na ji tsoro ƙwarai, ga sabon iyali.

A cikin leburorina akwai wani ƙaton Bamange, surutu kamar ya ci aku. Shi ya ce, "Helma, ka taɓa jin hakimi ya ɗaga murya? Ka riƙa faɗi a hankali, ni in isar."

Haka muka yi. In ce a ƙara ƙasa, ya daka tsawa, "Helma ya ce a ƙara ƙasa, malalata!" Zagin nan nasa ne, ban saka shi ba.

Da Baturen ya dawo, ya tsaya ya daɗe yana kallonmu, sannan ya sa tafinta ya ce daga yau Bamangen ne helma. Sai Bamangen ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ganga ba ta kaɗa kanta. In ka cire shi, me zan faɗa?" Bature ya yi dariya, ya hau dokinsa, aka bar ni a matsayina.

Ban taɓa ganin girma irin wannan ba. Da aka tashi na bi Bamangen bakin kogi in yi godiya, bakina ya ƙi buɗuwa. Ya dube ni, ya ce, "Bari, na ji." Ya ci gaba da wanke laka daga ƙafafunsa, washegari kuma ya riga kowa ɗaukar kwando.